ALƘALANCIN GASAR HOTON TSUNTSAYE: WA YA SAN TSUNTSUN, WA YA BA DA MAKIN?

Na san wani zai buɗe wannan shafi ya ce, to, mujallar marubuta kuma me ya haɗa ta da hoton tsuntsu? Abin da ya haɗa mu shi ne alƙali. Duk wanda ya taɓa naɗe rubutunsa ya aika gasa, ya zauna yana jiran hukuncin mutanen da bai taɓa gani ba, ya san cewa makomar aikin mai fasaha tana hannun wanda aka danƙa wa ma'auni. Idan ma'aunin karkatacce ne, to ba wanda ya faɗi kaɗai aka cuta ba, har da na baya masu tasowa, domin kuwa su abin da suka ga ya ci shi za su riƙa kwaikwayo. Wannan ita ce damuwata game da gasar hoton tsuntsaye ta 'yan sha'awa, wato waɗanda ba da ɗaukar hoto suke ci ba, wadda ta daɗe da yin ƙarfi a Turai da Amurka, yanzu kuma wayar hannu ta kawo mana sha'awarta har bakin kogin Kwara. Maganata ɗaya ce, kuma gara in faɗe ta tun yanzu: alƙalin da bai san tsuntsu ba, bai san inda yake kwana ba, bai kuma tambayi abin da aka yi masa kafin a ɗauki hotonsa ba, ba shi da hurumin cewa wannan hoto ya fi wancan.

Yadda ake yi a inda abin ya samo asali

Gasar hoton namun daji mafi suna a duniya ita ce wadda Gidan Tarihin Halittu na Landan yake shiryawa, wadda wata mujallar dabbobi ta fara a Ingila tun tsakiyar shekarun 1960. A shekarar 2024 kaɗai an aika mata hotuna sama da 59,000 daga ƙasashe 117. Akwai wata kuma, ita ma a Ingila, da ta keɓanta ga tsuntsaye zalla, wadda a wannan shekarar ta 2024 ta karɓi hotuna sama da 23,000. A Amurka kuwa ƙungiyar Audubon mai kare tsuntsaye tana da tata gasar, wadda har zuwa 2024 take raba masu shiga gida uku: ƙwararru, 'yan sha'awa, da matasa. Ma'aunin da ta bayyana shi ma uku ne: tsabtar ɗauka, sabon salo, da gwanintar fasaha.

Mai karatu ya dubi waɗannan alƙaluma da kyau. Mutumin da aka jibge wa hotuna dubbai a gaba, minti nawa zai ba kowane ɗaya a zagayen farko? Kallo ɗaya ne, ya wuce ko ya faɗi. Abin da ke tsallake irin wannan rairaya kuwa sananne ne: launi mai ɗaukar ido, ƙwayar idon tsuntsu tar kamar an wanke ta, bayansa kuma ya narke ya zama sumul babu ko tsinke. Wannan siffa ba daga ƙwaƙwalwar mai hoto take fitowa ba galibi, daga gilashin kyamararsa take fitowa. Dogon gilashin nan mai jawo nesa kusa, irin wanda ƙwararru ke riƙewa, kuɗinsa ya haura dala 10,000, ban da ita kyamarar kanta. Shi kuwa ɗan sha'awa a tsarin Audubon na har zuwa 2024, da abin da yake samu daga sayar da hoto aka riƙa gane shi, ba a duba abin da ya kashe wajen sayen kaya. Ke nan likita ko attajirin da ya rataya kayan miliyoyi a wuya ɗan sha'awa ne, ɗalibin da ke riƙe da tsohuwar waya shi ma ɗan sha'awa ne, kuma a kan sikeli ɗaya za a ɗora su. Wannan ai sukuwa ce tsakanin ingarma da jaki, sannan a ce an yi adalci tun da wuri ɗaya suka tashi.

Ita gasar Audubon ma ƙofarta a rufe take ga ɗan Nijeriya, domin mazauna Amurka da Kanada ta ware wa, sai a 2025 ta ƙara da Cile da Kolombiya. Ban ga laifinta ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Laifin namu ne, da muke kwaso ma'auninsu mu dasa a ƙananan gasannin da ƙungiyoyin matasa da makarantu kan shirya a Facebook da WhatsApp, mu ɗauki ɓawon mu bar ƙwayar.

Abin da ke Bagudo

Me ya sa na zaɓi Bagudo? Domin idan ana neman wurin da karkatar wannan ma'auni za ta fito fili, to can ne. Kogin Kwara ya ratsa ƙaramar hukumar jim kaɗan bayan ya shigo Nijeriya, ya bar mata fadamu da tafkuna da tsibiran yashi tun daga wajajen Lolo da Illo har ya gangara ta ƙarƙashin gadar Tuga. Ta yamma ga Jamhuriyar Benin: Tsamiya tana kallon Segbana, idan kuma ka bi kogi sama ka isa Malanbil, gaba da ita ga Karimama, ƙofar shiga gandun dajin nan da ake kira W, wanda Benin da Nijar da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta bar Illo a hannun Ingilishi, ta raba dangi gida biyu. Amma ba wanda ya sanar da zalɓe. Yakan kwana a Benin ya yi kalaci a Nijeriya, ba fasfo, ba kwastan, kuma ko lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 bai fasa ba.

Nijeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma bakin kogi irin wannan yana da kaso mai tsoka. Ga dinya da kirinjijiya a tafki, ga jinjimi da belbela a bayan shanun Fulani, ga ƙananan agwagin daji da sauran baƙin da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi rani a fadamunmu su koma. Ga shamuwa, wadda ke yin sheƙa a itatuwan cikin gari da damina, ta tafi can kudancin Afirka da rani, dawowarta kuma ita ce sanarwar da manomi ya fi yarda da ita cewa a gyara gona. Yanzu a ce yaro ɗan Kaoje ko Zagga ya ɗauki hoton shamuwar farko da ta sauka a garinsu bana, a kan kukar da ta saba sauka, ya rubuta rana da wata. Hoton da hatsi-hatsi, domin waya ce, tsuntsuwar ma ƙarama ta fito. Wani kuma ya je gidan wani mai hali a birni ya ɗauki ɗawisun da ake ba dawa a kwano, ya baza wutsiya, launi kamar atamfa. A gaban alƙalin da kyau kaɗai ya sani, wa zai ci? Kowa ya san amsa. Alhali hoton farko labari ne da za a nema bayan shekara 30 idan ana son sanin ko damina ta canja lokaci, na biyu kuwa ko kalandar bango ta gaji da irinsa.

Tsuntsun da ba ya cin gasa

Ma'aunin kyau zalla yana da 'yan gata da 'yan bora. Ɗan gata shi ne namijin tsuntsu mai ado, da baƙon da ba a saba gani ba. Su kansu Amurkawa sun lura da wannan, har ta kai a 2021 Audubon ta ware kyauta ta musamman don hoton macen tsuntsu, saboda maza sun cinye fage shekara da shekaru. To mu kuma su wa ma'aunin zai mayar 'yan bora? Duk tsuntsun da rayuwarmu ta rataya a kansa.

Ɗauki jan baki. Masana sun ce babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a bayan ƙasa. Manomin shinkafa a Kebbi ba ya bukatar masani ya gaya masa: ya ga garken ya taso kamar hadari, ya sauka a gonar da ta fara nuna, ya tashi ya bar kara. Don shi ake tura yara fadama tun asuba da majajjawa da gwangwanaye a jikin igiya, wasu har su rasa makaranta, don shi kuma gwamnati kan ɗauko jirgin sama ya yi feshi a makwancinsa, feshin da ba ya tambayar wane tsuntsu ne mai laifi. Duk wannan labari ne mai neman a ɗauke shi a hoto. Amma jan baki ɗan ƙarami ne, launinsa kamar ƙasa, ba ya tsayawa ya yi wa kyamara yanga. Alƙalin kyau zai wuce shi.

Ɗauki ungulu. Waɗanda suka girma kafin shekarun 1990 sun san babu mahautar da ba ta da ungulaye a kan rumfa. Yau je ka ƙirga. A shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke fuskantar ɓacewa ta sa wannan ungulu tamu ta cikin gari a jerin waɗanda suke dab da ƙarewa, kuma cikin dalilan har da guba da cinikin sassan jikinta a kasuwannin magani. Hoton ungulu biyu a bayan mahautar wani ƙauye a yau shaida ce mai tsada. Amma wa zai ba mummuna mai sanƙo lambar yabo? Haka gauraka, wadda ake yi wa kallon tsuntsuwar alfaharin Nijeriya, ta kusa ƙaura daga dazuzzukan ƙasar nan, saura waɗanda aka kamo ana kiwo a gidajen manya. Idan hoton gauraka ya zo gaban alƙali, tambayar farko ita ce, a ina? Idan a fadama ce, labari ne babba. Idan a tsakar gida ce da yankakken fiffike, to hoton fursuna ne, kuma ba shi kyauta daidai yake da cewa mafarauta su ƙaro.

Alƙalin da aka ruɗa

Kada a ɗauka ƙananan alƙalai kaɗai ake ruɗa. A shekarar 2009 babbar gasar nan ta Landan ta ba wani ɗan Sifen, José Luis Rodríguez, kyautar farko ta fam 10,000 saboda hoton kyarkeci yana tsallake shingen gona da dare. Duniya ta yi ta tafi. Cikin Janairun 2010 aka ƙwace kyautar, bayan masana sun gwada tabon fuskar dabbar da na wani kyarkecin gida da ake kiwo a wani gandu kusa da Madrid, suka ce shi ne. Mai hoton ya musanta, amma hukuncin ya tsaya. A 2017 kuma wani ɗan Barazil, Marcio Cabral, ya ci wani rukuni na gasar da hoton wata dabba mai cin gara, mai kama da dabgi, ta nufi suri cikin dare. A Afrilun 2018 masana biyar suka duba, kowa shi kaɗai, suka ce ai wannan busasshiyar fata ce da aka cusa wa kaya, wadda ke ajiye a ƙofar shiga gandun dajin don baƙi su gani. Shi ma ya musanta, shi ma aka ƙwace. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni na gasar hoto ta Sony, sannan ya fito da bakinsa ya ce hoton ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta ce ta haɗa shi, ya ƙi karɓar kyautar.

Ba sai mun je Turai ba ma. A nan Kebbi, a bikin kamun kifi na Argungu na 2008, an ba da kyautar farko ga kifi mai nauyin kusan kilo 66, daga baya aka ƙwace, domin an gano mataccen kifi ne aka shigo da shi daga wani ruwan. Sikeli bai yi ƙarya ba, nauyin yana nan. Su wa suka tayar da maganar? Masunta 'yan uwansa, waɗanda suka san yadda kifin da aka fitar yanzu yake kama.

Darasin ɗaya ne a Landan da Argungu. Wanda ya auna kyau ko nauyi an wuce da shi, wanda ya san dabbar shi ya kama ɓarawo. Kuma a yi wa manyan gasannin adalci, sun ji kunya sun gyara: suna neman ainihin hoton kamar yadda ya fito daga kyamara kafin a taɓa shi, suna sa masanan halittu cikin alƙalai ko a bayansu, suna hana hoton dabbar da ke tsare. Mu fa? A ƙananan gasanninmu sau da yawa alƙalin shi ne yawan waɗanda suka danna alamar so. Wanda ya fi yawan abokai da 'yan ajinsu shi ne gwani. Wannan zaɓe ne irin na 'yan siyasa, har da sayen ƙuri'a da katin waya, kuma bai kamata a kira shi alƙalanci ba.

Wanda ba a tambaya: shi tsuntsun

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ci mini rai. Idan ka gaya wa yaro mai waya cewa hoton da ya fi kusa kuma ya fi tsabta shi ke ci, alhali ba shi da gilashin dala 10,000, me ka koya masa? Ka koya masa ya kawo tsuntsun kusa ko ta halin ƙaƙa. Zai kafa tarko ya kama kanari, ya ɗaure masa ƙafa da baƙin zare a reshe, ya ɗauka ta inda zaren ba zai fito ba. Zai harbo hasbiya da gwafa ya jingina ta. Zai hau itace ya sassare ganyen da ya rufe sheƙa don haske ya shiga, ya sauko ya tafi, ya bar wa shirwa da hankaka 'ya'yan a fili. Zai sauke kukan tsuntsu a waya ya yi ta kunnawa, namiji ya bar mace a kan ƙwai ya zo neman abokin gābar da babu shi har ya galabaita.

A tsibiran yashin kogin Kwara akwai tsuntsayen da ba sa yin sheƙa, a kan yashi suke saka ƙwai idan ruwa ya janye da rani. Uwar ita ce inuwar ƙwan, wata ma har takan jiƙo gashin cikinta a ruwa ta zo ta sanyaya shi. Ka tsaya da kwalekwale ka kore ta na ɗan lokaci da tsakar rana a watan Afrilu don ka sami hoton ƙwai, rana ta gama aiki. Hoton zai yi kyau, kyan ɗan maciji. A Ingila dokar 1981 ta haramta damun wasu nau'o'in tsuntsaye a sheƙarsu, mai son ɗaukar hotonsu a can sai da lasisi. Mu a nan babu ɗan sandan da zai bi yaro tsibiri. Abin da kawai zai hana shi shi ne ya san cewa alƙali zai gane, kuma zai jefar da hoton. Alƙalin da ba zai iya bambance tsuntsun da ke hutawa da wanda ke haki don tsoro ba, da hannunsa ake wannan ɓarna, ko ya sani ko bai sani ba.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce, malam, ka cika tsanani, ai hoto fasaha ce, ba darasin kimiyya ba, a bar ido ya more. Ban ƙi ba. Ban ce a ba hoto mai duhu kyauta don kawai mai shi talaka ne ba, wannan ma wata cutar ce. Cewa na yi kyau shi ne mataki na uku, bayan gaskiya da lafiyar tsuntsu. Kuma wa ya ce gaskiya ba ta da kyau? Hoton da ya ci babbar kyautar gasar tsuntsaye ta Ingila a 2024, wata 'yar Kanada ce, Patricia Homonylo, ta ɗauke shi: gawarwakin tsuntsaye sama da 4,000 da suka mutu sakamakon karo da gilasan tagogin birni, an jera su da'ira cikin da'ira. Babu mai cewa ba fasaha a ciki, amma abin da ya ɗaga shi sama da dubban hotunan tsuntsaye masu ado shi ne yana da abin faɗa. Alƙalan da suka zaɓe shi sun san abin da suke kallo.

Wani kuma zai ce, ana ta kai wa yake ta kaya? Iyakar nan da kake magana a kai, 'yan bindiga sun addabi ɓangarorinta, gandun W kansa ya zama maɓoyarsu, a 2025 sojojin Benin da dama sun rasa rayukansu a can, kai kuma kana zancen shamuwa. Wannan magana tana da nauyi, kuma saboda ita ne ma nake cewa baƙo mai dogon gilashi ba zai zo ya rubuta mana tarihin tsuntsayen wannan yanki ba. Wanda zai yi shi ne ɗan gari, mai zuwa gona da su da kiwo, da wayarsa a aljihu. Idan ma'auninmu ya gaya masa hotonsa ba komai ba ne sai ya yi kama da na Bature, mun kashe shaidar da ba mu da wata.

Wa ya kamata ya zauna a kujerar?

Idan wata makaranta ko ƙungiya a Bagudo, ko Birnin Kebbi, ko ma ina ne a ƙasar Hausa za ta shirya irin wannan gasa, to ga shawarata. A sa mai hoto ƙwararre, wannan dole ne. Amma a gefensa a zaunar da Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci, wanda zai kalli hoto ya ce wannan tsuntsu ba ya sauka a irin wannan reshe, ɗora shi aka yi. A zaunar da tsohon maharbi. Mutanen nan da ke ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe har su shiga tsakiyar namun daji ba a gane su ba, akwai wanda ya fi su sanin yadda ake kusantar tsuntsu ba tare da an firgita shi ba? Turawa suna alfahari da 'yan uwan nan biyu, Richard da Cherry Kearton, waɗanda a wajajen 1900 suke ɓuya cikin fatar sa da aka cusa wa kaya don su ɗauki hoton tsuntsaye. Dabarar burtu ta girme ta nesa ba kusa ba, sai dai mu ba mu ɗauki mai ita malami ba. A zaunar da manomin fadama, mace ko namiji. A kuma nemi masanin kimiyya: cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos, wadda aka kafa a 2001, ta yaye ɗalibai da yawa 'yan Arewa, kuma tun 2015 take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda 'yan sa kai ke rubuta abin da suka gani a yankunansu. Hoton ɗan Illo mai ɗauke da rana da wuri zai iya shiga wannan taska ya yi amfani, ko bai ci ko sisi ba.

Sharuɗɗan ma ba masu wuya ba ne. Kowane hoto ya zo da wurin da aka ɗauke shi, da ranar, da sunan tsuntsun a harshen mai ɗauka, Hausa ce ko Dandanci ko Fulatanci ko Kyanganci, da layi biyu ko uku a kan abin da tsuntsun ke yi. A raba rukunin waya da na kyamara. A hana hoton sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya, da na tsuntsun da ke ɗaure ko cikin keji. A ɓoye sunayen masu shiga. A buɗe ƙofa ga 'yan uwanmu na Segbana da Malanbil da Gaya, tun da tsuntsayen namu ne gaba ɗaya. Daga ƙarshe, alƙalai su rubuta dalilinsu a fili, kowa ya karanta.

Mu dawo gida

'Yan uwa marubuta, kada mu yi wa masu hoto dariya, domin tsumagiyar kan hanya ce, ta fyaɗi yaro ta fyaɗi babba. Adabinmu na zube da gasa ya fara: wadda Rupert East ya shirya a 1933, ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Tun daga nan har zuwa Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, abin da alƙalai suka zaɓa shi ke nuna wa masu tasowa hanya. Sau nawa muka ga an fifita littafi don bangonsa da takardarsa, ko don marubucin yana da jama'a? Sau nawa alƙalanmu suka rubuta mana dalilin hukuncinsu?

Sannan mu duba littattafanmu. Jarumi da jaruma suna zaune a lambu, sai marubuci ya ce tsuntsaye suna ta kuka mai daɗi. Waɗanne tsuntsaye? Kurciya ce ko suda? Ragon maza ne ko cilakowa? Da rani ne ko da bazara? Bai sani ba, editansa bai sani ba, alƙalin da ya ba shi lamba bai tambaya ba. Kakanninmu sun kalli belbela har suka ce ci da motsin wani, sun kalli hankaka suka ce mai da ɗan wani naka, sun bi yautai da dare har suka san sharrinsa. Abubakar Imam da zai zuba hikimar Magana Jari Ce, a bakin aku ya sa ta. Waɗannan mutane sun zauna sun lura ne kafin su yi magana. Mu kuwa muna neman mu gaji karin maganar mu manta da mai ita, har a wayi gari yaro ya iya cewa ungulu ba ta jewar banza alhali bai taɓa ganin ungulu ba.

Saboda haka ina kira ga rassan ƙungiyarmu, musamman na Kebbi da Sakkwato: idan aka shirya gasar hoton tsuntsaye a yankinku, ku nemi kujera a cikin alƙalai, ku je da dattijon da ya san daji, ku dage a rubuta sunan kowane tsuntsu da harshenmu. Idan kuma aka ce ba a bukatarku, yawan masu danna waya ya isa, to ku rubuta ku faɗa, shafukan wannan mujalla a buɗe suke. Allah Ya ba mu alƙalai masu sani da tsoronSa, a fagen hoto da fagen alƙalami baki ɗaya, amin.